Amsar tambayarki kan koyon saƙa a gida

Wa'alaikumussalam 'yata, na ga saƙonki tun jiya, hidimar baƙi ce ta hana ni zama. Kince kina son koyon saƙar zane da kanki a gida kina kallo a waya, amma babanki yace mu ba gidan masaƙa bane, ƙawayenki kuma sunce wai saƙa aikin maza ne. Toh bari gwaggonki ta warware miki.

Maganar maza ɗin nan rabin gaskiya ce. Saƙa iri biyu ce a ƙasar Hausa tun kaka da kakanni. Ta maza ita ce wadda ake yi a zaune a rumfa ko gindin bishiya, an miƙe zare can nesa an ɗaure shi jikin wani katako da ake kira kunkuru an danne da dutse, masaƙi yana taka allira mai buɗe zaren da ƙafa yana wurga ƙoshiya mai ɗauke da zaren kwance hagu da dama yana bugawa da matsefi, abin da ke fita siriri ne, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, sai an haɗa da yawa an ɗinke kafin a samu riga. A nan ake fitar da yadin gargajiya irinsu fari da saƙi da barage da tsamiya. Masaƙan garin Kura na jihar Kano ma nasu ya fi haka sirantaka, shi ake rinawa a buga ya zama turkuɗin da Buzaye ke naɗawa. Wannan kam ban taɓa ganin mace a kai ba, in kika kafa ta a ƙofar gida ƴan kallo zaki tara.

Amma ta mata ai dama ta cikin gida ce! A tsaye take, itace biyu a jingine da bango, ɗaya a gicciye sama ɗaya ƙasa, a zagaya zare a kansu, mace ta zauna kan kujera ƴar tsugunno tana cusa abawa, wato zaren kwance, tana dannawa da wani ice mai faɗi. Ita tata saƙar da faɗi take fita, falle biyu ko uku an yi zane, da ita ake gwado da majanyin goyo. Matan kulle da yawa da ita suka yi wa ƴaƴansu kayan ɗaki ba su taka ko zaure ba. Kaɗi ma gaba ɗaya na mata ne, gurzar auduga, shiɓa, a yi sutu, a ɗauki mazari da alli a yatsa, a da masaƙi namiji duk ƙwarewarsa zaren mace yake jira.

Batun gado kuwa, babanki bai yi ƙarya ba, da can sana'a gado ce kuma ana bambanta ɗan gado da ɗan haye. Amma inda abin yake da tsauri shine irinsu ƙira da wanzanci da fawa. Saƙar mata kuwa a wajen maƙwabciya ma ana ɗauka, ko kishiya, ko uwar miji. Ki bi shi a hankali dai, kar ki ce zaki yi masa musu da hujjar intanet, na san halin ɗan'uwana. Ni zan kira shi.

Inda nake da ja da ke shine wannan "da kaina" ɗin. Bidiyo zai nuna miki yadda ake wadari, wato jera zaren tsaye, amma ba zai gaya wa hannunki ƙarfin da zai ja zare ba, kuma nan aikin yake. Zaren tsaye in wani ya yi sako-sako wani ya ɗame, zanen zai fito a karkace. Abawa kuma in kina finciko ta, bakin saƙar zai dinga tsukewa yana shigewa ciki, ki fara da faɗi ki ƙare da ƙugu, kuma baki lura sai kin yi nisa. Tsohuwar da ta iya da ta shafa da yatsa zata ce miki kwance daga nan. Saboda haka ki tambaya a unguwa, ba za a rasa guda ba duk da sun yi ƙaranci tun da yadin kamfani ya cika kasuwa, masaƙar Kaduna ta farko ma tun 1957 ta fara aiki. Ki je da sallama da ɗan goronki ko sabulu, ki durƙusa ki gaisheta, ki ce koyo kika zo. Ba a shiga da tambayar nawa zan biya, in kin fara sayarwa sai ki kai mata alheri, haka ake yi.

Kar ki fara da kaɗi dan Allah, zai kashe miki gwiwa. Sayi zaren kanti mai kauri kala ɗaya, ki sa kafinta ya haɗa miki ƙaramar masaƙa, ki fara da majanyi ko ɗan tawul, ado da ratsi sai hannu ya faɗa. In kin shiga Kano ki leƙa kasuwar Kurmi ki juya bayan saƙin da ake sayarwa ki duba bakinsa da kyau. Ki gaida mamanki, ki ce mata ta duba ƙasan adakarta ko gwadon aurenta yana nan ki gani.