Tambaya da Amsa: Turare Ɗaya, Farashi Biyu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa turaren wuta da humra ina sayarwa a gida. Tun da kayan haɗi suka yi tsada, wasu masu sayena sun ja da baya, suna cewa kuɗin ya fi ƙarfinsu, alhali masu haɗa lefe ba su taɓa yin ƙorafi ba. Ina son fito da mai araha tare da wanda aka san ni da shi, amma ina tsoron kada sunana ya zube. Mece ce shawararku?
Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da kike shirin yi tsohuwar dabara ce da manyan kamfanoni suka daɗe suna cin moriyarta, domin mutane ba su zama ɗaya ba wajen ƙarfin aljihu, kuma farashi guda yakan kori talaka, ya kuma karɓi ƙasa da abin da mai hali yake shirye ya biya. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin shi ne mai wayoyin itel da Tecno da Infinix, inda ya ware itel domin masu ƙaramin ƙarfi. Toyota kuwa sama ta hau, ta fito da Lexus a 1989 domin masu neman motar alfarma. Ki lura cewa dukansu biyu suna dabam suka ba kowane mataki, kuma wannan ya amsa rabin tsoronki: ki bar sunan da aka san ki da shi a kan mai tsadar, ki raɗa wa mai arahar nasa.

Haɗarin da ya fi zubewar suna shi ne masu sayen mai tsada su gangaro zuwa mai araha. Idan suka ga bambancin bai taka kara ya karya ba, to kin rage wa kanki riba da hannunki. Wani injiniyan Faransa mai suna Jules Dupuit ya bayyana wannan tun a 1849, da ya lura cewa kamfanonin jirgin ƙasa suna barin taragun masu ƙaramin tikiti ba rufi, ba domin rufin ya gagare su ba, sai domin kada mai iya biyan tikitin sama ya yi sha'awar sauka. A 1990 ma kamfanin IBM ya sayar da wata na'urar buga takardu mai araha wadda aka rage mata sauri da gangan, daga shafi 10 a minti zuwa 5. Ba na ba ki shawarar muzguna wa mai ƙaramin ƙarfi irin haka, amma wajibi ne bambancin ya kasance wanda hanci zai ji, ido kuma ya gani.

A sana'arki wannan ba shi da wuya. Mai tsadar ya riƙe itacensa mai kyau, da yawan turarukan da ake jiƙa shi da su, da daɗewar ƙamshi a tufafi, da kwalba mai kyau da za a iya sawa a akwatin amarya. Mai arahar ya zo a roba, da haɗi mai sauƙi na amfanin yau da kullum, kuma ki faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ke ciki, domin rage haɗi a ɓoye da sunan na asali algus ne, addini ya hana, kasuwa ma ba ta yafewa.

Kafin ki sa farashi, ki lissafa kuɗin kayan haɗi da mazubi da gawayi da wahalarki, ki tabbatar mai arahar yana fitar da ribarsa shi kaɗai. Idan lissafin bai fita ba, ki bar haɗinki yadda yake, ki riƙa zuba shi a ƙananan kwalabe, kamar yadda masu madarar gari suka koma ƙunsawa a ƴan leda domin mai sayen na shayin safe ɗaya.