Labarin gonakin nan, a sa ko a cire?

Ɗana, na ga saƙonka tun jiya, injin bugun shagonmu ne ya dinga cin takarda sai bayan magariba muka tashi. Kace an kawo labarin gonakin da ake neman ƙwace wa mutanen ƙauye, kana tsoron sa shi a mujallar coci kar a ce ka jawo siyasa.

Toh bari kaji. Akwai wani Rabaran Attoh Ahuma, limamin cocin Metodis a Gana tun ana ce mata Gold Coast, haihuwar 1863, shi ke riƙe da jaridar cocinsu, Gold Coast Methodist Times. A 1897 Turawan mulki suka fito da dokar filaye, wai duk ƙasar da ba a ga kowa a kanta ba ta koma hannun gwamnati, alhali kai ma ka sani gonar da aka bari ta huta tana da mai ita, har kabarin kakansa yana wajen. Bawan Allahn nan ya hau rubutu ba ƙaƙƙautawa, har manyan cocin suka ga abin yayi zafi suka cire shi daga edita. A 1898 wakilan 'yan ƙasa suka je Landan, dokar ta mutu, shi kuwa ya ci gaba da rubutunsa a wata jaridar, Gold Coast Aborigines. Wallahi duk sanda na tuna mutumin nan sai jikina yayi sanyi, don ya san kujerarsa na rawa kuma bai fasa ba.

Ni dai nace ka sa. Amma ba daga shago zaka rubuta ba. Ka je ƙauyen, ka taka gonar da ƙafarka, ka ji bakin manoma, ka ji mai unguwa, wanda ake zargi ma ka neme shi. Ni na taɓa buga sunan mutum ba daidai ba a nan Gombe, har shago yazo yana hawaye riƙe da shafin, kwafi 500 na sake da kuɗin aljihuna.

Kuma mujallar ba taka bace, ka nuna wa fasto tukuna, ido da ido, kar ya tsince shi bayan an raba ranar Lahadi. In yace a'a ka dawo mu zauna. Ka yi sammako gobe, wayarka da caji, ka kawo min rubutun a ranar Alhamis kafin a yi farantin bugawa.