Amsa ga mai tambaya kan waƙar Eminem da Rihanna da bidiyonta

Ɗan'uwa, tambaya biyu ka haɗa wuri ɗaya: ko Eminem da Rihanna zama suka yi tare suka tsara "Love the Way You Lie", da kuma abin da ya sa bidiyonta ya jawo ce-ce-ku-ce, tunda kai ma kana shirin yin waƙa da wata mawaƙiya, kana neman ta inda za ka kama. Na karanta amsoshin da aka ba ka. Yawancinsu sun tsaya a kan cewa sunan mutanen biyu ne ya ɗaga waƙar. Suna ya taimaka, babu musu. Amma ni da na daɗe a gaban kwamfuta ina haɗa muryoyin mawaƙa, daga baya kuma na shiga tace bidiyo, na sha ganin manyan sunaye biyu sun haɗu a waƙa, kafin wata ya zagayo an manta da ita. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Ta farko mai sauƙi ce: ba ɗaki ɗaya suka shiga ba. Eminem ya ɗauki muryarsa a Ferndale, kusa da Detroit a jihar Michigan. Rihanna kuma a birnin Dublin na ƙasar Ireland ta ɗauki tata. Teku guda ne a tsakaninsu. Kuma babu ɗayansu da ya fara waƙar. Wani furodusa ɗan Ingila, Alex da Kid, shi ya yi kiɗan. Skylar Grey, wadda a lokacin ba kowa ya san ta ba, ita ta rubuta amshin ta rera shi a matsayin gwaji tana zaune a jihar Oregon, kuma ta sha faɗa cewa dangantakarta da masana'antar waƙa ce a ranta sa'ad da take rubutawa. Da abin ya isa hannun Eminem sai ya gina baiti uku a kan amshin, ya nemi Rihanna ta rera shi. Waƙar ta fito cikin kundinsa na Recovery a watan Yunin 2010.

Ka lura da yadda abin ya jeru: amshi ne ya riga baiti zuwa. Wannan shi ne abin da nake fama da masu gambarar zamani, wato rap, a kansa kullum. Mutum zai zo da baitocinsa a cike, ya gama faɗin duk abin da ke bakinsa, sannan ya ce a nemo mace ta saka mana amshi. Ita kuma ta zo ta tarar ba a bar mata komai ba sai gurbin daƙiƙa ashirin, ta cika shi da kalaman so na ko'ina. Idan ka saurara sai ka ji amshin kamar facin da aka yi wa riga da wani yadi daban. Mai sauraro ba zai iya gaya maka abin da ya lalace ba, amma ba zai sake kunnawa ba.

Sa abin ji a kunne ka sake sauraron wannan waƙar daga farko. Muryar Rihanna ce ke buɗewa, ita da fiyano kawai, babu ganga. Tana magana ne da bakin macen da ake cutarwa, wadda ta san ƙarya ake yi mata amma ta kasa tafiya, tana kwatanta halinta da ƙonewa a wuta. A jin farko za ka ɗauka irin kukan masoyan nan ne da aka saba. Sai ganga ta shigo tare da Eminem. A baitin farko yana kwatanta son da maye, ya kai mata hannu, yana jin kunya. A na biyu yana tuna yadda aka fara da daɗi har aka kai ga ba sa son ganin juna. A na uku yana roƙonta ta kwashe kayanta ta dawo ciki, yana ba da haƙuri, ya amsa da bakinsa cewa alƙawarin ƙarya ne, sannan ya rufe da barazanar ɗaure ta a gado ya cinna wa gidan wuta. Daga nan amshin ya dawo. Ba a canza masa ko harafi ɗaya ba, amma wutar da take ta ambata tun farko yanzu ta tashi daga misali ta koma wutar gaske. Amshi ɗaya, kowane baiti na ƙara masa nauyi. A ganina nan ne dukan aikin yake. Muryarsa tana ta hawa, tana ƙara kaushi har kamar maƙogwaronsa zai tsage, tata kuwa tana nan inda take, ba ta bi shi ba. Da ta biye masa ta riƙa ɗaga murya, da hayaniya kawai za a samu.

To kai da abokiyar aikinka, abin da za ku fara warwarewa shi ne: wane ne ke magana a baiti, wace ce ke magana a amshi, kuma mene ne bai daidaita a tsakaninsu ba? Idan bakinku ɗaya ne a komai, murya ɗaya ta isa.

Batun ɗaukar murya a wurare daban-daban kada ya dame ka, yanzu haka ake yawancin irin waɗannan waƙoƙi. Sai dai akwai ƙananan abubuwa da ke cin mutum. A zaɓi tsayin kiɗan don mai rerawa, domin mai rap zai iya hawa kusan kowane kiɗa, ita kuwa muryarta tana da iyaka sama da ƙasa. An taɓa kawo min wani aiki da yarinyar ke ta matse wuya a ƙarshen kowane layi, ana ta maimaita ɗauka ana cewa ba ta iya ba. Kiɗan ne aka yi shi a inda ya fi ƙarfinta. Da muka sauke shi taki biyu, ɗauka ta gaba muryar ta zauna daram, har wanda ke ta yi mata faɗa ya yi shiru. Sannan ka ce a turo maka muryarta tsurarta, kada a zuba mata amsa-kuwwa ko wani gyara, kuma a fara fayil ɗin daga daidai inda kiɗan ya fara, don kada ka kwana kana jan murya gaba da baya. Wajen haɗawa, ana barin muryar rap a bushe, a gaba, kamar mutumin yana tsaye a gabanka, ita kuma ta amshi a buɗe ta, a ba ta fili. Kada ka yanke duk numfashin mai rap don neman tsabta. A baiti mai zafi, jan numfashin nan shi ke sa a yarda da fushin.

Yanzu ga bidiyo, inda rigimar take. Joseph Kahn ne ya ba da umarni, aka ɗauka a Los Angeles, aka sake shi ranar 5 ga Agustan 2010. Cikin awa 24 an kalle shi sau miliyan 6.6 a YouTube, wanda a lokacin ya kafa tarihi. Shawarar da ta fi burge ni ita ce ba a sa mawaƙan su fito a matsayin masoyan ba. An ɗauko 'yan fim biyu, Megan Fox da Dominic Monaghan, su suka yi wasan. Rihanna tana tsaye gaban gida yana ci da wuta tana rerawa, Eminem yana cikin wani fili mai dogayen ciyayi. Dalilin a bayyane yake. Duniya ta san dukan da Rihanna ta sha a hannun saurayinta na lokacin, mawaƙi Chris Brown, a watan Fabrairun 2009, kuma an san zaman Eminem da Kim Scott, wadda ya aura a 1999 suka rabu a 2001, suka sake aure suka sake rabuwa a 2006. Ita kanta Rihanna ta faɗa a hira cewa abu ne da su biyun suka taɓa ɗanɗana, kowa ta nasa ɓangaren. Da an ga Eminem yana hankaɗa Rihanna a allo, ba wanda zai iya kallo har ƙarshe. Da aka raba, sai suka zama masu ba da labari, 'yan wasan suka ɗauki nauyin nunawa.

Amma kalli yadda aka tace shi. Labarin masoyan yana farawa ne suna kwance suna barci. Ta farka ta ga sunan wata mace da lambar waya a rubuce a hannunsa, faɗa ya kaure, ta tofa masa yawu, ya matse ta da bango, ya kai naushi ya fasa bangon dab da fuskarta. Kafin ka gama tsorata an yanka zuwa sumba. Haka abin yake tafiya: duka, runguma, duka, runguma, a cikin haske mai ruwan zinariya, da mutane biyu kyawawa. A wajen mai tace hoto, abin da ka ajiye kusa da wani abu magana ce. Idan ka yanka daga naushi kai tsaye zuwa sumba ba tare da ka bar ko daƙiƙa biyu na shiru ba, ka gaya wa mai kallo cewa abu ɗaya ne, ko da bakin mawaƙin yana faɗin akasin haka. Kunne yana jin kalma, amma ido ya riga shi yanke hukunci.

Shi ya sa mutane suka rabu biyu. Wasu masu fafutukar kare haƙƙin mata a Amurka suka ce an ƙawata cin zarafi, an mai da shi abin sha'awa. Wasu kuma, har da waɗanda suka taɓa zama cikin irin wannan hali, suka ce ai haka abin yake: da babu daɗin da ke biyo bayan dukan, da ba wadda za ta zauna. Megan Fox ta ba da kuɗin da aka biya ta ga wani gidan da ke ba matan da aka ci zarafinsu mafaka, alamar su ma sun san abin da suka taɓo. Ni a nawa ra'ayin waƙar ta fi bidiyon gaskiya. A waƙar, kalmar ƙarshe da namijin ya furta barazana ce, kuma tana tayar da tsikar jiki. A bidiyon kuwa, bayan wuta ta cinye komai, sai aka mayar da mu kan gadon farko suna barci lafiya. Babba zai fahimci ana nufin gobe ma haka za a sake. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar abin da za ta gani shi ne masoya sun yi faɗa sun shirya. Daraktan ya san aikinsa sarai, kyan hoton ne ya yi yawa ga irin wannan labari.

Surutun bai rage mata kasuwa ba, ƙara mata ya yi. Ta yi mako bakwai a saman jadawalin waƙoƙin Amurka na Billboard Hot 100. A Birtaniya ba ta taɓa wuce mataki na biyu ba, amma ita ce waƙar da aka fi saya a can a shekarar 2010, wato ba tashi ɗaya ta yi ta faɗo ba, daɗewa ta yi a kunnen mutane. An sa ta takarar lambar yabon waƙa ta Grammy a rukuni biyar, ba ta ɗauki ko ɗaya ba. A rukunin haɗakar rap da rerawa, waƙar Jay-Z da Alicia Keys ce ta lashe a 2011. Sai da Eminem da Rihanna suka sake haɗuwa a "The Monster" ta 2013 sannan suka samu wannan lambar a 2015, kodayake ni ban taɓa jin ta kai ta farkon ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne kashi na biyu da ya fito a kundin Rihanna na Loud a watan Nuwamban 2010, inda aka juya abin: ita ke da baitoci, shi ya shigo da guda ɗaya. A ta farko macen ba ta da komai sai amshi, ba mu ji yadda aka yi ta kai nan ba. Ka saurari biyun a jere kafin ka yanke yawan filin da za ka bar wa abokiyar aikinka.

Idan kun zo ɗaukar naku bidiyon, a kunna waƙar da ƙarfi a wurin, ku rera da gaske, kada ku tsaya motsa leɓe. Kyamara tana ganin jijiyar wuya, kuma mai kallo yana gane wanda bakinsa kawai ke motsi. Idan an gama tacewar farko, kashe sautin gaba ɗaya, ka nuna wa wanda bai taɓa jin waƙar ba, ka tambaye shi me ya gani. Abin da ya faɗa maka shi ne abin da jama'a za su ɗauka, duk abin da ka rubuta a baiti. Na yi wannan gwajin da wani bidiyo da mai shi ya rantse gargaɗi yake yi a kan shaye-shaye, mai kallon ya ce talla ce ta liyafa. Dole aka koma aka cire rabin hotunan rawa.

Kuma tun kafin ku saki komai, ku rubuta a takarda wanda ya yi kiɗa, wanda ya rubuta amshi, wanda ya rubuta baiti, da kason kowa. Sunan Skylar Grey yana cikin marubutan waccan waƙar duk da ba muryarta aka saki ba, kuma daga nan ƙofa ta buɗe mata. Wanda ya ƙirƙiro amshi sau da yawa shi ake mantawa da shi idan waƙa ta tashi, alhali shi ne kowa ke rerawa a hanya.

In kun riga kun ɗauki amshin, saka shi a nan, murya da kiɗa kawai ba tare da baitocinka ba, ka faɗa mana kuma labarin da kake son baitocin su bayar. Daga nan za mu gane ko zai ɗauki baiti uku ko kuwa sai an sake zama a kansa.