Tambaya da Amsa: Tsakanin "Borrow" da "Lend"

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare a Funtuwa, ina shirin zana jarrabawar WAEC. Na ce wa ƙawata "borrow me your pen", sai malamarmu ta ce na yi kuskure, alhali na haddace cewa "borrow" na nufin aro. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Malamarku ta yi gaskiya, kuma kuskuren ya samo asali ne daga yadda Hausa da Turanci suka raba wannan ma'ana ta hanyoyi daban-daban. Bahaushe yana duba abin da aka bayar. Idan shi kansa abin za a dawo da shi, kamar biro ko tsani ko tabarma, aro ne. Idan kuwa kwatankwacinsa za a biya, kamar kuɗi ko mudun gero, rance ne. Bature bai damu da wannan bambanci ba, abin da yake dubawa shi ne wanda ya bayar da wanda ya karɓa. Mai karɓa shi ke yin "borrow", mai bayarwa kuma shi ke yin "lend", ko biro ne ko naira dubu. Saboda haka abin da ya kamata ki ce shi ne "Please lend me your pen", ko kuma "May I borrow your pen?"

Irin wannan tarko ya fi yawa a kalmomin da muke amfani da su kullum, kuma na fi tausaya wa ɗalibai a kan kalmar "ji", domin ita kaɗai tana ɗauke da aikin kalmomin Turanci da dama. Jin magana "hear" ne, jin sanyi ko zafi "feel" ne, jin ƙanshi "smell" ne, wanda kuma yake jin Turanci "understand" yake yi, shi ya sa "I don't hear English" ba ta isar da abin da mai faɗinta yake nufi. Haka ma "sha": ruwa ana "drink", magani ana "take", mangwaro kuwa ana "eat", duk da cewa mu shan sa muke yi.

Shawarata ita ce ki daina rubuta kalma ɗaya a gefen fassararta ɗaya a littafinki. Duk sabuwar kalmar da kika tsinta, ki kwafe ta tare da jimlar da kika same ta a ciki, sannan ki duba ƙamus na Turanci zalla wanda ke kawo misalai, ki ƙirƙiri jimla biyu taki ki kai wa malamarku ta duba. Ki fara da "borrow" da "lend" a wannan makon.