Abin da Ya Tsaga Kofunanka

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa kofunanka suka fito daga tanderu a tsage, wasu a gindi wasu a wajen hannu, alhali matan Gbagyi suna tara tukwanensu a fili, su lulluɓe su da kirare da ciyawa, su cinna wuta, kuma su kwashe abinsu lafiya a wunin.

Yumɓunsu da namu ba ɗaya ba ne. Nasu yana da tsakuwa, sau da yawa kuma ana daka tsingaro a zuba a ciki, saboda haka tururi yana samun mafita, wutarsu ma ba ta cika wuce digiri 800 ba. Namu tatacce ne, an haɗa shi da farar ƙasa irin ta Ƙanƙara, kuma muna kai shi kusan digiri 1,250 don ruwan sheƙin ya narke ya kama jikinsa. Ko Ladi Kwali, wadda hotonta yake bayan naira 20, da ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Bature Michael Cardew a Abuja ta wancan zamani, wato Suleja ta yau, a 1954, ta ci gaba da gina tulunanta da hannu yadda ta koya a gida, amma sai da aka sauya mata yumɓu kafin su jure wutar tanderu.

Sai dai kofunanka tun a kan katakon shanya suka tsage, wuta ta bayyana abin ne kawai. Yumɓu yana tsukewa da kusan kashi ɗaya cikin goma daga gini zuwa gashi, kuma iskar hunturun Kaduna takan busar da bakin kofi tun gindinsa yana jiƙe. Bakin ya tsuke, gindin bai tsuke ba, sai siririyar tsaga mai lanƙwasa ta fito a tsakiya, wadda ido ba ya gani sai an gasa. Hannun kuwa, ka manna shi ɗanye sharaf a jikin kofin da ya riga ya sha iska, ba ka karce wurin ba balle ka shafa masa kwaɓaɓɓen yumɓu.

Daga yau, ka danne gindin da yatsa sosai tun yana kan faifan juyi. Idan ya yi taurin sabulu, ka kife shi, ka manna hannu a lokacin, ka rufe da leda har danshin ya daidaita. Kafin ka ce ya bushe, ka kara shi a kuncinka. Muddin ka ji sanyi, da sauran ruwa.

Gashin farko ma, wato na kafin a shafa ruwan sheƙi, ba ya son gaggawa. Za mu bar wuta ƙasa-ƙasa, ƙofa a ɗan buɗe, har tururi ya ƙare, mu kuma sassauta wajen digiri 573, inda yashin cikin yumɓu yake kumbura farat ɗaya. Tsagaggun nan kada ka zubar, ka daka su ka tankaɗe, za mu zuba a kwaɓin gobe.