Me ya sa ake shari'a kan takardar bayan sitika?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kimiyyar sinadarai ne. Na ji kamfanoni na kai juna kotu kan silikon da ake shafa wa takardar bayan sitika, wani na cewa ƙirƙirar ɗan'uwansa "a fili take". Ta yaya alƙali ke gane hakan?

Amsa: Takardar nan mai santsi da kake ɓare sitika daga jikinta ka yar, silikon ne aka shafa mata siriri ƙwarai don gam ya saki ba tare da yagewa ba. Haɗin kuwa tsoho ne: silikon iri biyu da ɗan filatinam da ke ɗaure su idan zafi ya taɓa. Masanin sinadarai Speier na kamfanin Dow Corning ya bayyana aikin filatinam a nan tun 1957, Karstedt na General Electric ya samu takardar mallaka (patent, wato takardar da ke hana wasu amfani da ƙirƙirarka ba da izininka ba) kan nasa haɗin filatinam a 1973. Don haka mai neman sabuwar takardar mallaka yau yawanci adadin sinadaran ya sauya, ko ya ƙara abin da ke hana haɗin daskarewa kafin a shafa, ko wanda ke rage feshi idan injin na gudu.

A nan ake rigima. Dokar Amurka ta hana takardar mallaka idan ƙwararren ma'aikaci na yau da kullum zai iya isa ga abin daga ilimin da ke akwai. A shari'ar kamfanonin KSR da Teleflex ta 2007, Kotun Ƙoli ta ce idan hanyoyin kaɗan ne kuma ana iya hasashen sakamakonsu, gwada su ba ƙirƙira ba ce. Ofishin ba da takardun mallaka na Turai kuma yakan ɗauki tsohon aikin da ya fi kusa, ya duba wace matsala aka warware, kuma ana da wata 9 a ƙalubalanci takarda bayan an bayar.

Abin da ke ceton mai takarda shi ne sakamakon ba-zata, misali rage filatinam (tsadarsa ai ba wasa ba) amma silikon da aka shafa ya bushe daidai. A ganina yawancinsu gwajin kwatance ke kayar da su: sai su auna nasu da haɗi mai rauni maimakon mafi kusa, ko su nuna nasara a adadi ɗaya alhali sun nemi mallakar zango mai faɗi. Alƙali ma yana da nasa tarkon, don bayan an ga amsa kowa gwani ne. Dole ya koma ranar da aka shigar da takardar ya duba abin da aka sani a lokacin.