Shin in hana 'yata fita darasin motsa jiki?

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara lafiya. 'Yata mai shekara 12 tana aji ɗaya na ƙaramar sakandare a nan Daura. Duk mako ana fitar da su fili motsa jiki, maza da mata tare, kuma an ce kowa ya zo da gajeren wando. Hankalina bai kwanta ba. In hana ta fita ne?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah ya saka maka da alheri a kan wannan kishi, ɗan'uwa. Amma kada ka yi saurin hana ta.

Motsa jiki halal ne ga namiji da mace. Abu Dawud ya ruwaito cewa Nana A'isha ta yi tseren gudu da Manzon Allah (SAW) a wata tafiya, ta tsere masa. Bayan ta yi jiki suka sake, shi kuma ya tsere mata, ya ce wannan ramuwar waccan ce. A ruwayar Ahmad akwai ƙarin da ya shafi tambayarka kai tsaye: sai da ya ce wa sahabbai su yi gaba, sannan aka yi tseren. Ke nan gudun ya halatta, sutura kuma ba a yi wasa da ita ba.

Yaran farkon firamare lamarinsu da sauƙi. 'Yar shekara 12 kuwa tana bakin balaga, wata ma ta balaga. Shari'ar da ta ce a raba wa yara makwanci a shekara 10 ba za ta yarda a tsayar da ita gaban samari cinya a waje ba. Su ma mazan, wandon da ya rufe gwiwa ya fi, ko da yake malamanmu na Malikiyya suna ɗaukar cinyar namiji a matsayin al'aura mai sauƙi.

Abin da ke damuna shi ne, da 'yan mata suna gaɗa a dandali, maza suna langa. Yau daga boko sai islamiyya sai gaban waya. Idan muka ƙwace wannan darasin ma, yaushe jikinsu zai motsa?

Ka je wajen shugaban makaranta cikin mutunci, ko ka kai maganar taron iyaye da malamai. Ka nemi a bar mata su sa dogon wando sakakke, da riga mai kai gwiwa, da ƙaramin hijabi wanda ba zai harɗe su ba, a ware musu gefe guda na fili tare da malama mace. Ka kuma roƙi a riƙa yi da sassafe, domin ranar Daura a watan Afrilu tana iya kayar da yaro, balle mai azumi.

Idan an ƙi raba su, ta fita cikin cikakkiyar sutura, ta guji wasan da ake cuɗanya. Idan kuma aka dage sai ta buɗe jiki, to a nan ka hana ta, domin babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci.

Wallahu a'alam.